Wai da gaske a-kori-kurar nan tana tuƙa kanta? Amsoshin tambayoyinku

Tambayoyi sun taru a kan manyan motocin a-kori-kura na zamani da ake talla wai za ka saki sitiyari su yi ta tafiya abinsu, ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Salam Malam. Aikina na sa ni doguwar tafiya a babbar hanya, ina so in sayi Ford F-150 mai BlueCruise, tsarin nan da ke ba ka damar sakin sitiyari, dila ya ce min motar tana tuƙa kanta. Shin zan iya ɗan runtsawa ko in duba waya in na gaji?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. A'a wallahi, ba za ka iya ba, dilan nan kuma ciniki yake nema. Hannu da ƙafa kawai aka hutar maka, ido da hankali suna nan bakin aiki. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta kasa wannan harka mataki-mataki daga 0 zuwa 5, to BlueCruise na Ford da Super Cruise na kamfanin GM da ke cikin Chevrolet Silverado da GMC Sierra, da na Ram 1500, kai har FSD, tsarin tuƙin Tesla Cybertruck da ake ta zuzutawa, duk a mataki na 2 suke, wato motar za ta riƙe layinta ta ba da wuta ta taka birki gwargwadon motar da ke gabanta amma direban dai kai ne, in aka yi ɓarna kai za a tambaya ba kwamfuta ba. Ka ɗauka yaron motarka ne ka ba wa sitiyari kana zaune a gefe, ya iya miƙaƙƙiyar hanya amma ba ka isa ka kau da kai ba.

Su ma kamfanonin sun san da haka shi ya sa suka dasa wata 'yar kyamara mai gani ko a duhu tana kallon idonka da inda ka juya kai, kana sunkuyawa kan waya na 'yan daƙiƙu za ta fara yi maka ƙara, a motocin GM ma akwai fitila a saman sitiyarin, koriya in komai lafiya, ta fara ƙiftawa in ta ga hankalinka ya tafi, ta koma ja in ka yi kunnen ƙashi, daga nan sai motar ta fara rage gudu da kanta.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne motar da ta tsaya cak a kan hanya. A watan Fabrairun 2024 a San Antoniyo ta jihar Teksas, sai kuma a Maris a Filadelfiya, motocin Ford Mustang Mach-E da ke tafiya da BlueCruise sun afka wa motocin da ke tsaye cikin dare, mutum 3 suka rasu, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka NHTSA ta buɗe bincike a Afrilun shekarar. Ba a-kori-kura ba ce, na sani, amma tsarin ɗaya ne. Cikin abin da hukumar ta bayyana har da cewa an tsara na'urar riƙe gudun ne ta ƙyale abin da ke tsaye in gudun ya kai mil 62 a awa, kusan kilomita 100 ke nan. Ba don mugunta aka yi haka ba, rada, na'urar da ke hango abin da ke gaban motar, tana ganin gada da allon hanya da ƙarfen gefen titi duk a matsayin abin da ke tsaye, in da za ta taka birki a kan kowanne ai da an yi ta buge ka ta baya, to sai aka ce ta ƙyale, kai kuma ka lura. Yanzu ka haɗa wannan da mota mai nauyin tan 2 ko fiye ga kaya a baya, ka ga tazarar da take buƙata kafin ta tsaya ba ta ƙaramar mota ba ce.

Ba kushe abin nake ba fa, yana rage gajiyar kafaɗa da ƙafa sosai musamman a cunkoso da doguwar miƙaƙƙiyar hanya. Sai dai wanda ba ya aikin komai ya fi saurin gyangyaɗi, kuma a Maris 2024 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gwada irin waɗannan tsare-tsare guda 14 a kan yadda suke hana direba sakin jiki, guda ɗaya tak na Lexus ne ya samu yabo, Super Cruise na cikin Sierra ya tsaya tsaka-tsaki, BlueCruise yana cikin 11 da suka faɗi. In barci ya zo ka gangara ka yi fakin.

Tambaya: Malam ni tirelar kayan aiki nake ja kusan kullum, Silverado zan ɗauka ko F-150?

Amsa: Maigida in sakin sitiyari da tirela a baya shi ne burinka, GM ne suka ba da wannan damar, Super Cruise yana aiki kana jan tirela sai dai ba zai canza maka layi da kansa ba a lokacin. A F-150 na shekarun baya kuwa da ka ɗaura tirela sakin hannu ya ƙare. Amma da yake suna sabunta manhajar ta intanet, kar ka tsaya kan maganar baka, ka sa dila ya buɗe maka littafin motar na ainihin shekarar da samfurin da za ka saya ka karanta da idonka. Kuma ba kowace Silverado ke da shi ba, a samfurin High Country mai tsada aka fara sakawa a 2022, a Sierra kuma Denali.

Ni dai a ganina ba wannan ne ya kamata ya yanke maka hukunci ba. Mai jan kaya nauyin da motar ke iya ja zai fara dubawa, da wanda bayanta ke ɗauka, da na'urar haɗa birkin tirela da na mota, sannan a zo maganar ƙawa. Ko da tsarin yana kunne, ranar da iska ta kaɗa ko babbar mota ta wuce ka tirelar ta fara lilo, hannunka ne zai cece ka, don haka ya zauna kusa da sitiyari ba a bayan ƙeya ba.

Tambaya: Malam maigidana ne ya nace sai ya sayi ta hannu daga Amurka a ɗoro masa a jirgin ruwa zuwa wata ƙasa, wai saboda wannan tuƙa kai ɗin. Ya cancanci ƙarin kuɗin?

Amsa: Hajiya ki lallaɓa shi ya haƙura da ƙarin. Sakin hannun ba ya kunnuwa sai a hanyoyin da kamfanin ya riga ya auna ya saka a taswirarsa, Ford na da kimanin mil 130,000 a Arewacin Amurka, GM kuma sun sanar da faɗaɗa nasu zuwa mil 750,000 a Amurka da Kanada, da motar ta bar inda taswirar ta ƙare shi ke nan, abin da zai rage masa shi ne riƙe gudu da taimakon zama cikin layi, hannu na kan sitiyari, shi ma sai fentin titin ya fito raɗau. Ga kuma kuɗin rajistar amfani da tsarin, GM kan haɗa shekara 3 a kuɗin sabuwar mota daga nan sai biya, Ford ma bayan lokacin gwaji biya ake yi wata-wata ko shekara-shekara, ta hannu kuwa sau da yawa wa'adin ya riga ya ƙare. Ya sayi motar don injinta da ƙarfinta in yana so.

Tambaya: Yallaɓai ina so in ɗaga tawa in sa manyan tayoyi da bamban ƙarfe a gaba, zai taɓa tsarin?

Amsa: Zai taɓa mana ɗan'uwa. Kyamarar da ke bayan madubin tsakiya da radar da ke gaba an saita su ne daidai tsayin da motar ta fito da shi daga kamfani, kana ɗaga ta kusurwar da suke kallo ta canza, bamban ƙarfe kuma yana iya tare radar gaba ɗaya, wani lokacin ta nuna maka gargaɗi a dashbod, wani lokacin ta yi shiru ta ci gaba da aiki da lissafin da bai daidaita ba, wannan ɗin ma ya fi haɗari. Ko gilashin gaba ka canza sai an sake saita kyamarar a garejin da ke da kayan aikin, ba kowane bakanike ba. Kuma a-kori-kura ai motar aiki ce, laka da ƙura da dusar ƙanƙara duk suna toshe idon na'urorin, ka riƙa gogewa.

Ko ba ka taɓa komai ba akwai inda za ta miƙo maka sitiyari ba shiri, kwana mai kaifi, wurin da ake gyaran hanya an jera robobi, layin da ya goge, ruwan sama mai ƙarfi, hazo, ko rana ta dallo kyamara da hantsi ko da yamma, har wani baƙin tabarau ɗin ma yana hana ta ganin idonka ta yi ta ƙorafi. Don haka duk wanda ke shirin biya, ya roƙi dila gwaji a ainihin hanyar da yake bi zuwa aiki ba wadda dilan ya zaɓa ba, ya sa tabaransa na kullum, ya lura sau nawa take cewa karɓi. In kuma ɗagawar ta zama dole, ka tambayi dilanka tukuna ko garantin na'urorin zai tsira kafin a kwance ko da noti ɗaya.