Tambaya da Amsa: Shin Talmud Shi Ne Attaura?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sha jin ana ambaton littafin Yahudawa mai suna Talmud, wasu na cewa shi ne Attaura, wasu na cewa wani malami ne ya wallafa shi. Don Allah a warware mini.

Amsa: Attaura daban, Talmud daban. A wurin Yahudawa, Attaura littattafai biyar ne da suke jinginawa ga Annabi Musa, amma sun yi imani cewa tare da rubutaccen nassin akwai bayanin da almajirai suka riƙa karɓa da ka daga bakin malamansu. Wajen shekara ta 200 Miladiyya Rabbi Yahuda Hanasi ya tattara wannan bayani a yankin Galili da ke arewacin Falasɗinu cikin littafin Mishna, mai kashi shida da suka shafi noma, bukukuwa, aure, diyya, hadaya da tsarki. Malaman da suka biyo baya sun shafe kusan ƙarni uku suna muhawara a kansa, kuma haɗuwar Mishna da wannan muhawara ita ce Talmud. Iri biyu ne: na Kudus, da na Babila wanda aka kammala wajen shekara ta 500 a makarantun Sura da Pumbedita, cikin Iraƙi ta yau, kuma shi aka fi dogaro da shi.

Don haka Talmud ba shi da mawallafi guda. Wanda ya buɗe shafinsa zai tarar da matani a tsakiya, sharhin Rashi, malamin garin Troyes na Faransa da ya rasu a 1105, ta gefen da aka ɗinke littafin, sannan hashiyar almajiransa da jikokinsa ta gefen waje. A cikin matanin kuwa ana kawo ra'ayin da aka karɓa da wanda aka ƙi, ba a share ko ɗaya ba, shi ya sa nake ganin rashin adalci ne mutum ya tsinko jimla guda ya ce hukuncinsu ke nan.

Wahalar zaƙulo hukunci daga wannan muhawara ce ta sa Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, ya tsara hukunce-hukuncen babi-babi cikin Mishne Tora mai juzu'i 14. Daga baya Yusuf Karo na garin Safad da ke Galili ya rubuta Shulhan Aruk, aka buga shi a Venis a 1565, Musa Isserles na Krakow kuma ya ƙara masa al'adun Yahudawan Jamus da Folan. Wannan littafi ne malaman Yahudawa masu riƙo da gargajiya suke komawa gare shi a yau idan an nemi fatawa.