Kada ka yarda da bangon da aka yi wa sabon fenti

Ka tambaye ni, in ruwa ya ci kicin daga ina ake fara gyara, kuma kwana nawa ake jira kafin a kafa sababbin kabad. Ka ƙara da cewa mai gidan da ya kira ka ya ce wurin ya bushe tuni, shi dai aiki yake so ya tashi. Wannan maganar tasa ce ta sa na ajiye abin da ke hannuna, yaro, don na taɓa jin irinta kuma na san inda ta kai ni.

Batun kashe wuta daga babban makunni da rufe ruwa da fitar da kaya, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda sai an gaya masa kada ya tsoma ƙafa a ruwan da ya kai soket, bai isa a miƙa masa guduma ba.

Akwai wani mutum da ya taɓa kirana, mai fara'a, irin masu ce maka injiniya tun ba su ga aikinka ba. Bututu ya fashe masa a cikin bango bayan sinki, ruwa ya kwana yana zuba, tsofaffin kabad duka suka tashi daga aiki. Ranar da na je an riga an kwashe komai an share, bango fari tas. Na tambaye shi yaushe aka gyara bututun. Ya ce ai an fi wata biyu, mai gyaran famfo ya canja shi ɗungurungum, har fanka ya bari tana juyawa dare da rana. Na ɗora tafin hannuna a bangon na ji sanyi, na kuma faɗa masa. Ya yi dariya, wai ɗakin ne ba ya samun rana. Na ce ya ba ni lokaci in gwada. Ya ce baƙi zai yi, in kuma wani abu ya biyo baya a wuyansa yake. Da bakinsa ya faɗa, babba da shi, gashi duk furfura.

Na yi masa aikin da har gobe ba na jin kunyarsa. Ƙofofi suka hau daidai, tsakanin kowace da 'yar'uwarta milimita 3 daga wannan kusurwa zuwa waccan, dirowa tana shiga da yatsa ɗaya. Ya ba ni rabin kuɗi, ragowar sai an kwana biyu.

Ba a daɗe ba ya aiko a kira ni. Ina buɗe kabad ɗin ƙarƙashin sinki wari ya buge ni. Allon baya ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, gindi ya kumbura ya dare, sukurori suna fita da hannu, in ka murza katakon da yatsa sai ya zama gari. Fentin bango ya yi bororo, na ɓare shi na tarar da farin gishirin nan da laima ke turowa daga cikin bulo. Na ɗauki kurfi na fasa filasta a gabansa. Tsohon bututun ne, ko taɓa shi ba a yi da niyyar canjawa ba. An naɗe inda ya tsage da tsinken roba, an shafa gam, an mayar da siminti. Daga baya wani yaron gidan ya tsegunta mini cewa fentin ma kwana uku kafin zuwana aka shafa. Ashe kitso aka yi a kan kwarkwata, aka kira ni in ɗaura masa ɗankwali.

Ka san abin da ya ce? Wai katakona ne ba shi da kyau. Ya danne ragowar kuɗina, sannan ya bi abokansa yana cewa na yi masa algus, ayyukan da na riga na gama ciniki suka suɓuce ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da sauƙi. Ni da ubangidana ya koya mini gane katako daga ƙarar da yake yi in an ƙwanƙwasa, ni za a ce na sa ruɓaɓɓe? Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Don haka batun kwana nawa, ba a ƙirgawa, gwadawa ake. Da farko ka tabbata ruwan ya daina fita. Ka rufe kowane famfo a gidan ka duba mita, in tana motsi akwai inda ke yoyo. In babu mita, ka yi alama a tanki da dare ka duba da safe. Sannan ka yanko leda mai kauri, kamar santimita 45 kowane gefe, ka manna ta a bango da salatif ta ko'ina, wata kuma a daɓe, ka bar su su kwana. In ka ɗaga ka ga gumi a cikinta, ko wurin ya fi kewayensa duhu, bai bushe ba ko da wa ya rantse. In kana da na'urar auna laima ya fi, katako kada ya wuce kashi 15 cikin 100 kafin ka rufe shi. Kuma ka sani ruwa yana hawa cikin bulo da filasta ya wuce inda ka ga shaidarsa. In bangon allon jifsam ne, wato allon da ake kafawa a maimakon bulo, a yanke shi aƙalla santimita 30 sama da layin ruwa. In an sake zuba daɓe, kusan milimita 1 yake bushewa a rana, mai kaurin santimita 5 ya doshi wata biyu. Ku yaran yanzu kuna jin wata biyu sai ku fara hamma. Fumfuna kuwa ba ta jira, cikin awa 24 zuwa 48 take kama abin da ya jiƙe, shi ya sa ake buɗe tagogi a sa fanka tun ranar farko, ba a rufe ɗaki a tafi.

Abin da za a zubar ba ya son tausayi. MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, da ire-irensa, in sun sha ruwa sun kumbura ba sa komawa, sukuru ma ba zai ƙara kama su ba. Falawud mai kyau da katako na gaske sukan tsira, a jera su a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa. Ka shanya su a rana tsaka su lanƙwashe, kada ka zo mini da kuka. In kuwa ruwan na magudanar ƙazanta ne, duk abin da ke tsotsar ruwa a fitar da shi, babu ciniki.

Wajen sake kafawa, kada gindin kabad ya zauna a daɓe. Ka ɗora shi kan ƙafafun roba masu murɗawa, santimita 10 zuwa 15, ka rufe gaba da allon da ake cirewa. Ka bar ɗan fili tsakaninsa da bango. Na ƙarƙashin sinki ka yi shi da falawud mai jure ruwa, inda ka yanka ramin sinki ka shafe bakin da silikon kafin ka zaunar. 'Yan tiyo masu lanƙwasa da ke hawa zuwa famfo a canja su sababbi, kuma kada ka binne makullin ruwa a bayan katako inda sai an fasa aikinka za a kai gare shi. Yadda ake ɗaukar lebur kuwa, wato daidaita kabad kada ya karkata, in har yanzu ba ka iya ba, ban san me kake kallo ba duk zamanka a wurina.

Wayar nan da ba ta barin hannunka ko kana riƙe da zarto, yau ga ranarta. Ka ɗauki hoton bango, da ledar in ka ɗaga, da bututun da aka ce an canja, ka ce a nuna maka shi kafin a rufe. In mai gida ya matsa sai ka kafa alhali gwaji ya nuna laima, ka rubuta a takarda cewa ka gargaɗe shi, ya sa hannu, da shaida. In ya ƙi, ɗauki akwatin kayan aikinka ka fito. Kuma kuɗin katako ka karɓe shi cif kafin zarto ya taɓa ko falle ɗaya.