Fam, Laba da Daka: Daga Ina "Pound" Ta Fito?

Tambaya: Malam, a littafinmu na Turanci na ga "pound" tana nufin kuɗin Ingila, na sake ganinta tana nufin nauyi. Jiya kuma malaminmu ya ce dakan hatsi ma "pound" ne. Yaya aka yi kalma ɗaya ta ɗauki wannan kaya haka?
Daga wata ɗaliba a Funtuwa

Amsa: 'Yata, tambayarki ta tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Har ta rasu ba ta yarda ta ce naira biyu ba, sai dai fam ɗaya. Naira 200 kuwa jaka ce a wurinta, wato fam 100. Gaskiyarta, domin da aka kawo naira ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya naira biyu aka canza shi. Wannan fam ɗin "pound" ce, bakin Bahaushe ya gyara ta.

Ta kuɗi da ta nauyi uwarsu ɗaya. Rumawa na cewa "libra pondo" da Latin: "libra" ma'auninsu ne, "pondo" kuma na nufin bisa nauyi. Turawan Ingila suka riƙe ta biyun a baki, ta farkon kuma a rubutu. Shi ya sa alamar kuɗinsu, £, harafin L ce da aka ƙawata, nauyi kuma ake taƙaita shi da "lb". Abin da ya fi burge ni shi ne daga "lb" ɗin nan muka samu laba, wadda ke kusan giram 454.

To ina ruwan nauyi da kuɗi? A Ingila ta dā, azurfa mai nauyin laba ɗaya ake bugawa ta zama tsaba 240. Ki tambayi kowane dattijo: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ki lissafa, 240 za ki samu. Ingila ba ta bar wannan lissafi ba sai a 1971.

Ta daka kuwa ba 'yar gidan ba ce. Daga tsohon Turanci "punian" ta fito, wato farfasawa, harafin "d" na ƙarshe daga baya ya maƙale mata, sai ta yi kama da waccan.

Akwai ma wadda malaminku bai kawo ba: shingen da hukuma ke tsare dabbobin da suka ɓata ko suka shiga gonar wani. Ita wannan 'yar'uwar "pond" ce, wato kududdufi, ruwan da aka tsare wuri ɗaya.