Amsa: Haɗa tafiya biyu a jere a jirgin ruwan shaƙatawa

Ɗan'uwa, ka ce kana son ka hau jirgi daga Honolulu a Amurka zuwa Bankuba (Vancouver) a Kanada, sannan ka zarce da shi da wani tikitin zuwa Siyatil (Seattle) a Amurka. Gaskiya kada ka biya tukuna.

Akwai dokar Amurka ta 1886 da ta hana jirgi mai tutar wata ƙasa (wato mai rajista a can) ɗaukar fasinja daga wata tashar Amurka ya sauke shi a wata tashar Amurkan, sai in ya tsaya a tashar waje mai nisa, kamar tsibirin Aruba ko Kudancin Amurka. Kanada da Meziko ba sa cikin masu nisa. Galibin jiragen nan kuwa tutar ƙasashen waje irin su Bahamas ko Panama suke ɗauke da ita.

Inda mutane ke faɗawa shi ne hukumar kwastam ba ta duba tikiti biyun da ke hannunka. Inda ka hau da inda ka sauka kawai take gani: Honolulu da Siyatil, duk Amurka. Tarar ɗaruruwan daloli ce kan kowane fasinja, kuma kamfani kan soke tikitin tun kafin ranar tashi.

Ka nemi zango na biyu da zai ƙare a Bankuba. In da fasfon Najeriya za ka tafi, ka tanadi bizar Kanada bayan ta Amurka.