Tambaya da Amsa: Yaushe Ƙwaƙwalwar Yaro Take Kammala?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na ji an ce ƙwaƙwalwar yaro tana gama girma tun yana shekara 6. In haka ne, me ya sa ɗana mai shekara 15, duk da hazaƙarsa a karatu, yake aikata abu ba tare da duba abin da zai biyo baya ba? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar da kika ji tana da ƙamshin gaskiya, domin ƙwaƙwalwar ɗan shekara 6 ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Sai dai ƙulla jijiyoyinta da juna, wanda shi ne ainihin aikin, yana da sauran tafiya mai nisa.

A shekarun farko na rayuwa, ƙwayoyin jijiya suna ƙulla mahaɗai a tsakaninsu fiye da yadda ake buƙata. A shekarar 1979, wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Peter Huttenlocher na Jami'ar Shikago a Amurka ya nuna cewa mahaɗan nan sun fi cunkoso a ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro fiye da ta babba. Daga nan sai ragewa ta fara: mahaɗin da ake yawan amfani da shi ya ƙara ƙarfi, wanda aka yi watsi da shi kuma ya ɓace. A lokaci guda, wani kitse mai suna mayalin yana naɗe jijiyoyin kamar robar da ke jikin wayar lantarki, abin da ke sa saƙo ya riƙa tafiya da sauri ninki-ba-ninki.

Wannan aiki yana farawa ne daga ɓangaren ƙeya, inda gani yake, ya gangaro gaba. Ɓangaren da ke bayan goshi, mai kula da tsara abu da danne zuciya, shi ne na ƙarshe, kuma ba ya kammala sosai sai mutum ya kai wajen shekara 25, alhali ɓangarorin da ke tunzura sha'awa da fushi sun farka tun da balaga. Saboda haka ɗanki zai iya ba ki amsa ta hankali idan kuna zaune cikin natsuwa, amma cikin abokai, musamman idan ana zuga shi, sai ya manta da ita.

A ganina faɗa a lokacin da ransa ya ɓaci ba ya amfani, gara ki bari ya huce sannan ku tattauna. Ki kula ya samu barcin awa 8 zuwa 10 kowane dare, ki kuma sa ido kan shaye-shaye, domin ƙwaƙwalwar da ba ta gama ƙulluwa ba ta fi saurin kamuwa da jaraba.