Amsa ga mai tambayar aikin kamun kifi a ƙarƙashin ƙanƙara a Kanada

Ƙanenmu, mun ga saƙonka. Ka ce kai ɗan masunta ne daga Yauri, ka tashi cikin jirgi da raga, kuma wani ejan ya yi maka alkawarin bizar aikin kamun kifi na lokacin hunturu a Kanada in ka biya shi. Kana son sanin ko da gaske ana kama kifi alhali tafki ya daskare, da kuma ko sana'ar gidanku za ta yi maka rana a nan.

Aikin gaskiya ne. A jihar Manitoba, inda muke, ana yin sa a Tafkin Winipeg da Tafkin Manitoba da wasu tafkuna na arewa, daga lokacin da ƙanƙara ta yi ƙwari, wajen ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba, har zuwa ƙarshen Maris. Tafkin Winipeg kaɗai ya kai faɗin murabba'in kilomita 24,000 da ɗoriya, amma ba shi da zurfi sosai, matsakaicinsa wajen mita 12 ne. Sama kawai ke daskarewa. Ruwa ya fi nauyi idan sanyinsa yana digiri 4, don haka wannan ruwan ke kwantawa ƙasa, wanda ya fi shi sanyi ya taso ya zama ƙanƙara. Kifi na nan da ransa a ƙasa, yana yawo a hankali. Wanda aka fi nema shi ne wanda mutanen nan ke kira pikaral, sai ɗan'uwansa soga, da farin kifi, da paik mai dogon baki.

Ragar irin wadda ka sani ce, ta shimfiɗawa, wadda kifi ke cusa kai ya maƙale ta wurin numfashinsa: igiyar sama da robobin da ke ɗaga ta, igiyar ƙasa da dalma. Tsawon guda ɗaya yawanci yadi 100 ne, wato mita 91. Girman idon raga ba zaɓin mutum ba ne, doka ce ke yanke shi; a kudancin Tafkin Winipeg an ɗaga mafi ƙanƙanta zuwa inci 3 da rabi a 2020 don ƙananan kifi su tsira. Duk wannan ba zai ba ka wuya ba. Abin da ba ka taɓa gani ba shi ne yadda za a miƙe raga mai mita 91 a ƙarƙashin rufin da kaurinsa kan kai mita guda, ba jirgi, ba mai shiga ruwa.

Maganin wani katako ne da ake kira jiga, wanda masuntan Manitoba suka ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20. Tsawonsa kusan mita 2, da tsaga a tsakiya. A cikin tsagar akwai hannun ƙarfe mai nauyi da ke lilo, an haɗa shi da wani hannu mai tsini a kai, sannan igiya ta fito daga hannun ƙarfen ta bi ta bayan katakon ta zo hannun mutum. Ana huda ƙanƙara da inji, a faɗaɗa ramin da dogon ƙarfe mai kaifi har katakon ya iya shiga, a kwashe ɓaraguzan da shebur. Sai a tura jiga ciki, a saita bakinsa inda ake so ragar ta nufa. Da yake katako ne, zai taso ya manne da cikin ƙanƙara. Idan aka ja igiya, tsinin ya caki ƙanƙara ya tunkuɗa katakon gaba. Idan aka saki, nauyin ƙarfen ya mayar da hannun mazauninsa. Ja, saki, ja, saki, katakon na rarrafe yana tafiya da igiya. Abin mamaki ga baƙo shi ne kana jan igiya wajenka amma katakon nesa yake ƙara yi.

Mutum biyu ake buƙata. Ɗaya na bakin rami yana ja, ɗaya na tafiya a sama yana bin ƙarar tsinin. A farkon hunturu, lokacin da ƙanƙara take garau, ana hango katakon da ido, shi ya sa ake shafa masa jan fenti ko ruwan lemo. Da dusar ƙanƙara ta rufe, sai kunne: mutum ya share wuri, ya durƙusa, ya saurara. Yanzu da yawa suna maƙala masa na'urar da ke aiko da sigina, akwai ma mai tafiya da batir. Idan igiyar da aka auna ta ƙare, sai a huda rami na biyu daidai kansa, a sa ƙugiya a jawo shi. Ka ga ke nan an sami igiya miƙe tsakanin ramuka biyu. A ɗaure bakin raga a ƙarshenta, mutum ya tsaya a rami na biyu yana ja, ɗaya yana sakin raga a rami na farko yana lura kada igiyar sama ta hau ta ƙasa. Ramin na biyu shi ne zai zama na farko ga raga ta gaba, haka ake jera su a layi.

Jiga yana da halinsa. Idan aka fizge igiya da ƙarfi tun daga farko, bakinsa ya karkace, sai ka same shi can gefe. Idan tsinin ya dakushe, zai riƙa zamewa ba ya ci gaba. Idan cikin ƙanƙarar ba sumul yake ba, kamar inda ta farfashe iska ta tara ta kafin ta sake daskarewa, zai cije ya tsaya, sai dai a janyo shi baya a sake hanya. Inda ruwa ke gudu a ƙasa, musamman a ƙuncin da ya haɗa kudancin Tafkin Winipeg da arewacinsa, ruwan kan kwashe shi ya lanƙwasa layin.

Ga inda masani ke bambanta da ɗan koyo. Ƙanƙara ba ta tsayawa yadda ka bar ta, kullum ƙara kauri take yi ta ƙasa, kuma cikin tsananin sanyi tana iya ƙara santimita biyu ko uku a kwana guda. Idan robobin raga suka taɓa ta, kafin ka dawo ta haɗiye su, ragar ta manne, ba ta fitowa sai a yage. Don haka ana ɗaura nauyi a kowane baki, a sauke ragar ƙasa sosai, a bar tazara tsakaninta da ƙanƙara, sannan igiyar da ke riƙe da ita ta hauro ta rami a ɗaure ta a sandar da aka gitta, a kafa alama mai ɗauke da lambar lasisi. Ramin zai sake daskarewa da igiyar a cikinsa. Ranar ɗagawa, wanda ya zo ya hau sara da ƙarfi ba tare da ya lura da inda igiyar take ba, shi zai datse ta da hannunsa, bakin raga ya nutse. Ana sara ne daga gefe, a zagaye igiyar, a kamo ta da ƙugiya daga ƙasan ƙanƙara tukuna.

Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce: kafin a ja raga waje, sai an buɗe ramin can nesa an ɗaura doguwar igiya a bakinta. Yayin da kake jawo raga ta wannan rami, tana shigo da igiyar a bayanta, idan ka gama cire kifi sai a koma can a ja igiyar, raga ta koma mazauninta. Wanda ya manta wannan ya mayar da kansa farko, sai ya sake sa jiga.

Cire kifi shi ne wahalar aikin. Jiƙaƙƙiyar raga da ta fito cikin sanyin digiri 25 ƙasa da sifili tana sandarewa cikin 'yan mintuna, ta zama kamar busasshiyar ƙaya, in ka matsa mata zaren ya karye. Saboda haka ba a fito da ita gaba ɗaya a tara. Kaɗan-kaɗan ake ja, ana cirewa da ƙaramar ƙugiya, ana shimfiɗa ta yadda za ta koma ba tare da ta cukurkuɗe ba. Pikaral na da ƙayoyi a baya da kaifi a murfin kunnensa, paik na da haƙora. Akwai kuma wani mai santsi da suke kira mariya, wanda ke murɗa jikinsa ya nannaɗe raga, ya ci maka lokaci ga shi ba kuɗi. Kifin kansa ba a so ya daskare, domin ɗanye mai sanyi ya fi daskararre daraja wurin mai saye, don haka ana zuba shi cikin akwatunan roba a shigar da shi motar da ke da ɗumi. Ana ɗaga raga bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Ruwan sanyi na jinkirta lalacewa, amma idan guguwa ta hana fita aka daɗe, naman zai yi laushi darajarsa ta faɗi. Bayan an dawo gaɓa kuma ga fiɗa: a farke ciki, a cire kai idan mai saye haka yake so, a jera cikin ƙanƙara, a kai wurin awo.

Yanzu batun rai. A kogi ka san ruwa da idonka. A nan sai ka koyi karanta ƙanƙara, kuma wannan ilimin ba ya cikin gadonku. Ma'aunin da masu aikin ceto ke bayarwa, ga sabuwar ƙanƙara garau, shi ne santimita 10 ga mai tafiya a ƙasa, 12 ga babur ɗin ƙanƙara guda, 20 zuwa 30 ga ƙaramar mota, 30 zuwa 38 ga a-kori-kura. Farar ƙanƙara, wadda dusa ta jiƙe ta daskare, ƙarfinta kusan rabin wannan ne. Kauri kuma ba ɗaya ba ne ko'ina: bakin kogi, da ƙunci mai gudun ruwa, da ƙarƙashin tulin dusa duk sun fi rauni. Babban tafki yana tsagewa idan yanayi ya canja, ɓangarori su ture juna su yi tudu mai tsawon kilomitoci, kuma tsagar da ka tsallaka da safe tana iya buɗewa kafin yamma. A wurin tsallaka irin waɗannan ne motoci suka fi faɗawa. Har yau za ka ga masunta da tsofaffin motocin Bombardier masu sarƙa a baya da katakon zamiya a gaba, da murhu a ciki.

Iyo ba zai cece ka yadda kake zato ba. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ke faruwa ga wanda ya faɗa: minti 1 na farko numfashi ke ƙwace maka, aikinka kawai ka natsu ka riƙe kai sama, kana da kamar minti 10 kafin hannu da ƙafa su daina yi maka biyayya, sannan wajen awa 1 kafin sanyi ya sumar da kai. Ana juyawa ne ta inda aka fito, don can ne ƙanƙarar ta ɗauke ka, a kwanta a ruwa a buga ƙafa, a caka tsinin da ake ratayawa a wuya, in an hau a mirgina, kada a miƙe tsaye. Ko ba ka faɗa ba, idan sanyi da iska suka haɗu suka kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya ƙonewa da sanyi cikin minti 10 zuwa 30, kuma ba za ka ji ba. Abokin aikinka ne zai ga kumatunka sun yi fari. Kada ka sa auduga a jikin fata, tana riƙe gumi ta sanyaya ka. Ulu ake sawa a ciki, rigar hana ruwa a waje, safar hannu ta roba da ta ulu a cikinta, da wasu busassu a ajiye. A Disamba yinin wajen awa 8 ne kawai, azahar da la'asar da magariba na bin juna kusa-kusa, don haka mai sallah ya yi alwala a gida ya sa huffi.

Sai maganar ejan, kuma a nan ba za mu ɓoye maka ba: kada ka ba shi ko kwabo. Kamun kifi a Manitoba sana'ar iyali ce ta mutanen wurin. Mafi yawan masuntan 'yan asalin ƙasar ne da Metis, wato masu jinin 'yan asali da na Turawa, sai jikokin mutanen ƙasar Aisland da suka kafa garin Gimli a 1875. Lasisi na mazauna jihar ne, kuma a Tafkin Winipeg kowa na da kason kilo da aka yanke masa, wanda ake saye da sayarwa da kuɗi masu yawa. Mai lasisi yana fita ne da ɗansa ko ƙaninsa ko maƙwabci, mutum biyu ko uku, na wata huɗu. Kafin ya ɗauko ma'aikaci daga waje sai ya nemi takardar LMIA, wato shaidar cewa yana buƙatar ma'aikacin waje, daga gwamnatin tarayya, ya nuna ya nema a gida bai samu ba, ya biya dalar Kanada 1,000 daga aljihunsa. Ka auna da kanka ko mai raga goma sha zai yi wannan don yaron da bai taɓa taka ƙanƙara ba. Dokar Manitoba ta hana karɓar kuɗi daga ma'aikacin waje don sama masa aiki, saboda haka wanda ya ce ka biya kuɗin gurbi ya riga ya nuna maka ko shi wane ne. Mai ba da shawarar shige da fice da aka yarda da shi yana da lamba a rajistar CICC, hukumar da ke kula da masu wannan aiki a Kanada, kana iya dubawa a intanet kyauta. Ka nemi lambarsa, da sunan mai ɗaukar aikin, da garin.

Idan ta karatu za ka zo, ɗalibi na da izinin aikin awa 24 a mako a wajen makaranta tun Nuwamban 2024, kuma kuɗin zaman da ake so ka nuna ya haura dalar Kanada 20,000 ban da kuɗin makaranta. Kamun kifi ba zai haɗu da aji ba: Gimli tafiyar kusan awa guda ce a mota daga Winipeg, ana fita kafin gari ya waye, kuma lokacin ya faɗo tsakiyar zangon karatu. Inda hannunka zai fi saurin samun wuri, bayan ka zo da takardu na gaskiya, shi ne gyaran kifi da shirya shi a gaɓa, ko masana'antar sarrafawa irin ta Freshwater Fish Marketing Corporation da ke Winipeg, wadda aka kafa a 1969. Wanda ya iya wuƙa da ɗinkin raga ana gane shi da wuri, kuma ta nan ne ake sanin masu lasisi. In wani ya gayyace ka kan tafki, ka tambaye shi tun kafin ka hau mota yadda zai biya, ko na yini ne ko kaso daga abin da aka kama, domin in kaso ne, ranar da guguwa ta hana fita ba ka da komai.