Yadda aka karɓi littafin Newton da farko

Malam, ka tambaya ko masana sun rungumi littafin Isaac Newton, Principia, wanda ya yi bayanin dokokin motsi da ƙarfin ja tsakanin abubuwa kamar rana da duniya, nan take da ya fito a 1687. Ba haka abin ya kasance ba.

Da Latin aka rubuta shi, lissafinsa kuma tsauri gare shi. John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, duk iliminsa, sai da ya tambayi Christiaan Huygens, masanin lissafi ɗan Holland, ko lissafin abin dogaro ne. Kuɗin bugawa ma Edmond Halley, masanin taurari, shi ne ya biya daga aljihunsa. Robert Hooke kuwa, wani masanin kimiyya ɗan Ingila, ya ce shi ya fara kawo ra'ayin yadda ƙarfin jan yake aiki, Newton ya fusata har ya so janye kashi na uku na littafin.

Ƙorafin Huygens da Leibniz, masanin lissafi da falsafa ɗan Jamus, shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Sun yaba hazaƙarsa, amma suka ce ta yaya rana za ta jawo duniya alhali ba abin da ya haɗa su? Tambaya ce mai nauyi, kada a raina ta. Newton da kansa ya amsa cewa bai gano musabbabin jan ba.

Faransa ta daɗe tana riƙe da koyarwar Descartes, masanin falsafarta, wadda ta saɓa wa ta Newton, har Maupertuis, masanin lissafi ɗan Faransa, ya je awon ƙasa a Lapland, can arewacin Turai, a 1736, ya tabbatar duniya ta ɗan baje ta arewa da kudu kamar yadda Newton ya faɗa.